Babi na Biyar: A Cire ko a Gyara?

Maganar da likitan haƙori ya fi ji daga bakin mai jinya a ƙasar Hausa ba ta wuce kalma biyar ba: "Likita, a cire in huta." Mai faɗin ta yawanci ya kwana biyu ko uku bai runtsa ba, kunci ya kumbura, ya cusa kanumfari a kogon, ya kurkure baki da ruwan gishiri, ya shanye ƙwayoyin da mai kyamis ya haɗa masa, wataƙila ma ya biya ta wurin mai ciro tsutsar haƙori a kasuwa. Asibiti shi ne zangonsa na ƙarshe. Shi kuwa likitan da ke riƙe da ɗan madubi yana leƙen bakin, shekara shida ya yi a jami'a ana nanata masa cewa haƙorin da Allah ya halitta babu na roba ko na ƙarfe da ya kama ƙafarsa, kuma ba a kai hannu ga awartaki sai dabara ta ƙare. Sau da yawa yana gani da idonsa cewa haƙorin zai gyaru. Sau da yawa kuma, kafin a yi minti ashirin, haƙorin yana kwance a faranti, mai shi yana cije da auduga yana godiya. Mutane sukan ɗora alhakin wannan a kan ɗayan biyu: ko dai a ce likitoci ne ba su san komai ba sai cirewa, ko a ce jama'a ne ba su san darajar haƙoransu ba. Ni a ganina duka zarge-zargen biyu sun kauce wa inda gizo ke saƙar. Abin da ke yanke hukunci a kan wannan kujera shi ne ranar da mutum ya iso da kuma hanyar da ake biyan kuɗin aikin, kuma waɗannan biyun suna juya hannun likita nagari kamar yadda suke juya na mugu.

Sai an san yadda haƙori yake lalacewa za a gane dalilin da ya sa ranar zuwa take da wannan nauyi. Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawon waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, sai wani sashe mai ɗan laushi a ƙarƙashinsa, sai can ciki wani ɗan ɗaki inda jijiya da hanyoyin jini suke. Ƙwayoyin cutar da ke maƙale a jikin haƙori suna cin sukarin da muka sha a shayi da lemon kwalba da alewa, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke zaizayar ɓawon sannu a hankali, wata da watanni, wani lokaci shekaru. Ɓawon nan ba shi da jijiya, saboda haka duk wannan ɓarnar ana yin ta ne shiru. A wannan matakin gyaran bai taka kara ya karya ba: a kankare wurin da ya ruɓe, a yi ciko, cikin rabin awa an sallami mutum. Zogin da ke tayar da mutum tsakar dare kuwa alama ce cewa ruɓewar ta riga ta kai ɗakin jijiya. Wato lokacin da ciwo ya kai ga tilasta wa mutum neman likita, ƙofar gyara mai araha ta riga ta rufe. Daga nan hanya biyu ce ta rage. Ko a cire, ko a yi aikin kashe jijiya: a huda haƙorin, a bi kowace saiwa da wasu siraran allurai a zare jijiyar da ta lalace, a wanke ramin, a cike shi har ƙasa, sannan a ɗora wa haƙorin hula don kada ya tsage wurin tauna. Turmin haƙori yakan zo da irin waɗannan ramuka uku ko huɗu, wasu a lanƙwashe, kowanne bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Aiki ne na zuwa biyu ko uku, da ɗaukar hoto fiye da sau ɗaya. Ƙwayoyin kyamis ba sa maye gurbinsa, domin jijiyar da ta mutu jini ya daina shiga wurinta, kuma inda jini ba ya zuwa magani ba ya zuwa. Abin da suke yi shi ne su kwantar da kumburi na ɗan lokaci, mutum ya ɗauka ya warke, ciwon ya koma ya yi kwanton ɓauna.

To, nawa ne kuɗin hanyar ta biyu? A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mai jinya yake fita kai tsaye, ranar da ciwo ya kama shi. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, kuma a asibitin kuɗi aikin kashe jijiya haɗe da hula yakan haura wannan adadi, alhali cirewa ba ta kai ko kusa ba. Mai jinya yana jin farashin sai ya ce an tsuga masa kuɗi. Abin da ba ya gani shi ne kusan duk abin da ya taɓa bakinsa daga ƙasar waje aka shigo da shi: allurar kashe zafi, kayan ciko, siraran alluran nan da ba a daɗe ana amfani da su, fim ɗin hoto, har safar hannu. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, kuɗin waɗannan kaya ya yi tashin gwauron zabi, albashin masu zuwa asibiti kuwa bai bi su ba. Injin huda haƙori, wanda ke juyawa sama da sau 300,000 a minti ɗaya, da iska mai ƙarfi yake aiki, iskar kuma sai da na'urar matsa ta, na'urar kuma sai da wuta. Idan an ɗauke wuta sai janareta, janareta sai mai. Awartaki kaɗai ne a ɗakin nan ba ruwansa da wuta. Akwai kuma kuɗin da babu mai gode wa likita a kansa, wato na turara kayan aiki a tukunyar da ke kai zafin digiri 134 bayan kowane mutum guda. A ƙasar da binciken gwamnati na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wannan tukunya ita ce shamaki tsakanin bakin wani da jinin wani. Wanzamin da ke cire haƙori a gindin bishiya ba ya biyan ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma da farashinsa ake auna na likita.

Wanda ya ce ai jahilci ne ke sa mutane zaɓen cirewa, ya dubi lissafin da ke gaban mai jinyar. Magidanci ne mai 'ya'ya shida, ga kuɗin makaranta, ga buhun masara da bai saya ba. An ce masa hanya ɗaya za ta kashe ciwon yau ɗin nan, sau ɗaya, da kuɗin da ke aljihunsa. Ɗayar kuma sai ya ci bashi, ya bar kasuwa ko gona sau uku, in daga ƙauye ya zo ya biya kuɗin mota sau shida, kuma likita mai gaskiya zai ƙara masa da cewa aikin yakan ci nasara a mafi yawan lokuta amma ba kullum ba. Mutumin da ya zaɓi cirewa a wannan hali ya yi tunani, kuma tunaninsa daidai ne. Gaskiya ne akwai camfe-camfe, kamar batun tsutsa, ko tsoron cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido, ko hana mai juna biyu zuwa wurin likitan haƙori alhali a lokacin ne dasashinta ya fi saurin kumbura da zubar jini. Amma camfi yana jinkirta zuwa ne kawai. Idan an zo an zauna a kujera, aljihu ke magana.

A nan ne likita yake shiga tsaka mai wuya irin wadda littattafan da ya karanta ba su yi masa tanadinta ba. A ce ya shawo kan mutum, an fara aikin kashe jijiya. Zaman farko shi ne wanda ake zare jijiyar, kuma da an zare ta ciwo ya tafi. Sai a rufe ramin da ciko na wucin gadi, a ce, "Alhaji, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu." Alhaji ya koma gida ya yi barci mai daɗi karo na farko a mako guda, ya tauna ƙosai da safe babu abin da ya ji, to me zai mayar da shi ya biya ragowar kuɗi? Bayan wata shida cikon wucin gadi ya faɗi, ramin ya cika da ƙwayoyin cuta, haƙorin da aka rarake cikinsa ya dare gida biyu a kan ƙashin nama. Ya dawo a cire, ya yi biyu babu, kuma labarin da zai bayar a majalisa shi ne likita ya karɓi kuɗinsa aikin bai yi ba. Wannan ma mai sauƙi ke nan. Idan turmin ƙasa ne, mugunya tana iya bin ƙarƙashin harshe da haɓa, wuya ya kumbura ya yi tauri kamar icce, harshe ya ɗaga ya toshe hanyar numfashi. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ne ya bayyana wannan cuta a 1836, kuma har gobe tana kashe mutane a inda ake jinkirin zuwa asibiti. Saboda haka likitan da ya ƙware ba haƙori kaɗai yake dubawa ba. Yana karanta mutumin: daga ina ya zo, wa zai biya, zai dawo ko ba zai dawo ba. Idan ya hango ba zai dawo ba, cirewa ta fi aminci ga rayuwarsa ko da haƙorin mai gyaruwa ne. Amma fa hasashe ne, kuma hasashen da ake yi da kallon rigar mutum da takalminsa. Likitan da ya saba yanke wa talaka hukunci tun kafin ya tambaye shi, ya hana shi zaɓin da wataƙila da ya sayar da akuya ya ɗauka. Abin da na ga ya fi dacewa shi ne a shimfiɗa wa kowa hanyoyin biyu da kuɗinsu da haɗarinsu, har da gargaɗin cewa ciwo zai tafi kafin aiki ya ƙare, ko da likita yana da yaƙinin amsar da zai ji. Minti biyar ne, amma minti biyar sau arba'in a yini ba ƙaramin abu ba ne ga wanda layi ke jira a ƙofarsa.

Akwai masu cewa duk wannan kare likitoci ne kawai, domin wanda ke gaya maka kana da ciwo shi ne kuma mai sayar maka da maganin. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a share ta ba. Likitan haƙori da bakanike jirgi ɗaya ya kwaso su: mai mota ba ya ganin cikin inji, mai haƙori ba ya ganin bayan turminsa, kuma ko bayan an gama aikin babu yadda za a yi ya tabbatar da cewa dama ana bukatarsa. An taɓa gwada wannan a yankin Zurik na ƙasar Suwizalan, a wani bincike da aka wallafa a 2020. Mutum ɗaya mai ɗan tabo a haƙori, irin wanda ƙa'idar ƙasar ta ce ba ya bukatar ciko, aka tura wurin likitoci 180 ɗaya bayan ɗaya. Hamsin daga cikinsu suka ce sai an yi masa ciko, wasu ma fiye da ɗaya. Babu mai musun cewa wannan abin kunya ne ga sana'ar. Sai dai a duba abu biyu. Na farko, 130 sun sallame shi ba tare da sun sayar masa da abin da ba ya bukata ba, alhali da sun yi babu mai kama su. Na biyu, masu binciken sun lura cewa likitocin da ba su da cunkoson masu jira, waɗanda ake samun ganinsu nan da nan, su suka fi faɗawa wannan hali. Kujerar da ba kowa a kanta ita ke sa ido ya ga rami inda babu. A Zurik, inda likitoci suka yi yawa kuma mutane ke da abin biya, matsin yana tura hannu wajen yin aikin da ya wuce kima. A Gusau ko Azare matsin yana tura shi wajen yin ƙasa da abin da ya kamata. Abin takaicin shi ne zargin iri ɗaya ne a ko'ina, har likitan da ya ce wa mutum "wannan haƙorin bai kamata a cire shi ba" ya fi shan kallon tuhuma fiye da wanda ya ɗauko awartaki bai ce uffan ba, domin shawarar gaskiya a nan ita ce mai tsada.

Wani zai ce to ai maganin abin a fili yake: a kawo inshora, a raba likita da aljihun mai jinya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowane ɗan Nijeriya shiga tsarin, kodayake har yanzu mafi yawan jama'a suna waje. Shigar da su alheri ne babba, amma abin da ya faru a Ingila ya isa ya nuna cewa inshora ba ta kawar da matsin, wurin zama kawai take sauya masa. A 2006 gwamnatin can ta sauya yadda take biyan likitocin haƙori, ta daina biyan kowane aiki da farashinsa, ta koma ba da maki. Dubawa maki ɗaya, aikin da ya haɗa da hula ko haƙoran roba maki 12, sai rukunin tsakiya mai maki uku, inda aka cusa ciko da cirewa da kashe jijiya wuri guda. Ma'ana likitan da ya cire haƙori cikin minti ashirin da wanda ya shafe awa biyu yana bin saiwoyinsa, ladansu ɗaya. Wanda ya yi ciko ɗaya da wanda ya yi shida a baki guda, su ma haka. Ba a yi shekara uku ba kwamitin lafiya na majalisar dokokin ƙasar ya ba da rahoto a 2008 cewa aikin kashe jijiya ya ragu sosai, cirewa kuma ta ƙaru. Likitocin nan ba a sauya su ba, makarantun da suka yi ba a sauya ba, haƙoran Turawa ma ba su sauya ba. Tsarin ya kuma sa mai baki cike da matsala ya zama asara ga asibiti, sai likitoci da yawa suka daina karɓar sababbin marasa lafiya na gwamnati. An yi wa makin gyaran fuska a 2022, amma a watan Fabrairun 2024 ɗaruruwan mutane suka yi layi a titi a birnin Biristol don kawai su yi rajista a wani sabon asibitin haƙori, har sai da 'yan sanda suka zo. Duk mai tsara inshora a Abuja ko a jiha ya kamata ya san cewa jadawalin farashin da yake rubutawa a ofis shi ne zai zaɓi haƙoran da za su tsira.

Ba kuma kowace cirewa ce faɗuwa ba, kuma a nan likitoci ma suna da abin da za su sassauta a ransu. Baligi yana da haƙora 32, amma a 1981 wani malamin jami'a a Holan mai suna Kayser ya nuna cewa mutumin da ke da haƙoransa na gaba da ƙananan turame, wajen 20 ke nan masu haɗuwa da juna sama da ƙasa, yana iya tauna abinci da magana ba tare da wata babbar matsala ba. Japan ma tun 1989 take da kamfe na cewa mutum ya kai shekara 80 da haƙora 20 nasa na kansa. Saboda haka dattijon da aka cire wa turmin can ƙurya bai yi asarar da za a ce ya ci bashi dominta ba. Magana tana kan wane haƙori ne, kuma a bakin wa. Haƙorin gaba a bakin budurwa ko malamin makaranta ko mai karanta labarai ba abin tauna ba ne kawai. Al'ummar da ke yaba wushirya, take kuma gane alhaji da hajiya ta haƙorin Makka, ta san abin da giɓi yake yi wa murmushi. Wanda ya fi ba likitoci takaici kuwa shi ne babban turmin farko, wanda ke fitowa yaro yana ɗan shekara shida, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Da yake bai zo da famfara ba, iyaye suna ɗaukarsa na yarinta ne, idan ya fara ruɓewa su ce a bar shi ai zai faɗi wani ya fito. Babu wanda zai fito. Haƙorin da aka yi domin ya yi aikin shekara saba'in yakan ƙare a faranti yaron bai gama firamare ba, na kusa da shi su karkato cikin giɓin, na sama ya zazzago.

Likitan asibitin gwamnati yana da wani lissafin na daban, na lokaci. An buɗe makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a Nijeriya a Legas a 1966, sai Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya a shekarun 1970. Duk a kudu. Arewa ba ta samu tata ba sai bayan shigowar shekarun 2000, a Maiduguri, daga baya Kano. Likitocin haƙorin ƙasar gaba ɗaya dubbai kaɗan ne ga mutum sama da miliyan 200, mafi yawansu a manyan birane, kuma duk shekara wasu suna haɗa takardu su nufi Ingila ko Saudiyya ko Kanada. Wanda ya tsaya, ba ciwon haƙori kaɗai ke zuwa masa ba. Shi ake kai wa ɗan acaɓan da muƙamuƙinsa ya karye, da matar da ƙari ya cinye mata rabin haɓa saboda an shekara biyar ana shafa masa magani, da yaron da noma ta fara ci. Noma, cutar da ke farawa da gyambon dasashi a bakin ƙananan yara masu fama da tamowa, ta cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki, tana kashe mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba. Saboda ita aka gina asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disambar 2023. Mutumin da irin waɗannan ke jiransa, idan ya ba turmi ɗaya awa biyu, mutum shida masu kumburarren kunci ya mayar gida. Ƙara yawan makarantu zai taimaka, amma horar da likita shekara shida ne da ɗoriya, kuma babu makarantar da ke koyar da zama a inda babu wuta, babu kayan aiki, albashi kuma ba ya kai ƙarshen wata.

Kan wannan sai a ɗora ƙananan abubuwan da ke cin rai kullum. Wuni ake yi a sunkuye, wuya a karkace, ana aiki a wuri mai duhu da jiƙa wanda bai fi faɗin kofin shayi ba, shi ya sa ciwon baya da na wuya suka zama kamar gadon sana'ar. Kusan duk wanda ya shigo a tsorace yake, wani ya riƙe hannun likita daidai lokacin da allura ta shiga. Yaro kuwa tun daga gida an gama ɓata lamarin, domin da allurar likita ake yi masa barazana idan ya ƙi cin tuwo. A gidan biki wani zai buɗe baki ya ce a duba masa, wani kuma ya tambaya, cikin raha ko da gaske, ko shi ma likita ne ko dai mai cire haƙori ne kawai.

Idan ranar zuwa da hanyar biya su ne tushen matsalar, to gyaran yana wajen ɗakin likita, a wurin da za a tari ramin tun bai kai jijiya ba, da hannun da bai kai na likita tsada ba. Kayan yin haka suna nan. A tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro wata dabara a Tanzaniya ta kankare ruɓewa da ɗan ƙarfen hannu a cike da wani irin siminti mai sakin sinadarin fuloraid, ba inji, ba wuta, sau da yawa ba allura, ana iya yi a kan bencin aji. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan siminti, da man goge baki mai fuloraid, da wani ruwan azurfa da ake ɗiga wa rami ya tsayar da ruɓewa, cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba a kowace ƙasa. Nijeriya tana da jami'an kula da haƙora masu matsakaicin horo, da hukumar da ke yi musu rajista, waɗanda za su iya wannan aiki a asibitin sha-ka-tafi da makarantun firamare da na allo. Wasu likitoci suna ɗari-ɗari da wannan, suna cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, wanda aka ba izinin ciko gobe zai buɗe shago ya fara abin da ya fi ƙarfinsa. Tsoron yana da tushe, kuma amsarsa sa ido ne da iyakance aiki. Amma a ƙauyen da babu likita ko na rantsuwa, wanda jami'in zai karɓe wa aiki wanzami ne da mai kyamis. Akwai kuma wani sauyi da ke ƙara wa lamarin gaggawa. Cikon nan mai launin azurfa da aka fi shekara ɗari ana amfani da shi, mai araha da ƙarko, wanda ba ya damuwa da ɗan yawu, kusan rabinsa sinadarin makuri ne, kuma yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa ƙasashe su rage amfani da shi saboda gurɓata muhalli. Tarayyar Turai ta hana shi daga farkon 2025. Farin cikon da ke maye gurbinsa ya fi kyan gani, amma ya fi tsada, yana son wuri busasshe, da fitila ta musamman da ke busar da shi, wato wuta kuma.

Ruwan azurfar nan da ake ɗiga wa rami shi ma da nasa sharaɗin. Ɗigo ɗaya ya isa haƙora da yawa, ba zafi, ba huda, yaro ɗan shekara uku yana zaune a cinyar uwarsa za a shafa masa cikin minti biyu. Amma duk inda ya taɓa ruɓewa sai wurin ya koma baƙi ƙirin, kuma baƙin ba ya fita sai haƙorin ya faɗi ko an rufe shi da ciko. A turmin ciki babu mai gani. A haƙoran gaba kuwa, dole likita ya tsaya ya yi wa uwa bayani tun kafin ya buɗe kwalbar: "Hajiya, ciwon zai tsaya, amma wurin zai yi baƙi." Wata ta ce a yi, wata ta ja ɗanta jikinta ta ce bari ta je ta yi shawara da babansa.